Hular Mushe Magagi

In ka bar Filinge ka nufi arewa, ka bi dallol, wato babban kwarin nan, har inda duwatsu suke matsowa kusa da hanya, akwai wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, don mutanensa suna nan da ransu, kuma har gobe a wurinsu nake sayen nono. Lakkwal ɗin ƙauyen, wato makarantar boko, aji shida ce: uku na siminti, uku na zana da ake sake ɗaurawa duk bayan girbi. Can aka turo ni koyarwa daga garinmu Sanam, kuma can na san Mushe Magagi Baushe. Mu nan duk namijin da ke koyarwa a lakkwal mushe muke ce masa, mace kuma madam. Ni ce Madam Lailatu, mai aji biyar. Shi ne mai aji huɗu, don haka duk shekara yaran da suka fito daga hannunsa nawa hannun suke faɗowa.

Dogo ne siriri, mai tafiya a hankali kamar wanda ba ya son ya tada ƙasa daga barci. Ba wanda ya taɓa ganin kansa ba hula. Wata hula ce mai zare shuɗi, ta koɗe saboda wanki, in ta mutu ya je kasuwar Filinge ya sayo ƙanwarta. Da damina in ya fita gonarsa ta hatsi, sai ya ɗora malafa a kanta.

Mahaifinsa Baushe manomi ne, cikin waɗanda suka riƙe al'adar kakanni, masu yin yanka a gindin itace kafin ruwan farko. Lokacin da aka ce kowace unguwa ta ba da yaro a kai lakkwal, masu faɗa a ji suka ɓoye nasu, aka nuna ɗan Baushe. Mushen da ya koyar da su mutum ne mai saurin hannu. Wata rana Magagi ya kuskure amsar lissafi, mutumin ya sara masa gefen katakon ja layi a ka, wurin ya tsage. Tabon yana nan, shi hular take rufewa. Shi da kansa ya ba ni wannan labari, ya ce tun ranar ya yi wa Allah alkawari in ya zama mushe ba zai taɓa ɗaga hannu a kan ɗan kowa ba. Ya kuwa cika. Fiye da shekara talatin yana koyarwa, ba yaron da ya taɓa komawa gida da kuka daga ajinsa.

Ga kuma suna. Duk faɗin ƙasar Kurfai, in ana zancen mushen da ya iya aiki, shi ake fara kira. Yadda yake yi shi ne, ya yi tambaya, sa'an nan ya jero amsoshi uku ko huɗu da bakinsa, ɗaya daidai sauran na banza. Ya buga tebur, yara su rubuta a allunansu. Ya sake bugawa, su ɗaga. Sai ka ga alluna sittin a sama, duk amsa ɗaya, duk daidai. Sufeton makarantu in ya zo daga Filinge, a bayan aji yake zama yana rubutu yana kaɗa kai. Sabbin malamai ana cewa su yi koyi da shi. Iyaye kuwa cewa suke yaro in ya bi ta hannun Magagi kansa ya buɗe.

To, su waɗannan masu buɗaɗɗen kai, in suka iso ajina, sai kan ya rufe ruf. Zan rubuta bakwai sau takwas a babban allo, in juyo, in ga ido sittin sau biyu a kaina. Ba allo suke kallo ba, ni suke kallo, daga ɗankwalina zuwa hannuwana, kamar ina ɓoye da ƙuli-ƙuli. In yi bayani, in sake, in yi da duwatsu, in yi da ƙwallon goriba, murya ta dushe. Kafin in ɗora su a hanya shekara ta yi rabi. Sakamakon ajina kullum shi ne na ƙasa, kuma kowa ya san dalili: Madam ta Sanam ba ta iya ba. Mata a bakin rijiya suna faɗa, ina ji. Ni kuwa ba mai haƙuri ba ce, Allah bai yi ni da shi ba, amma me zan ce? Ban taɓa shiga ajinsa yana koyarwa ba. Ƙarami ba ya zuwa ya zauna yana duba aikin babba, sai in an kira shi.

Wata rana da hutun tsakiyar safiya ya same ni gindin gawo, ya gaishe ni da kyau kamar yadda ya saba, sa'an nan ya ce, "Madam, ɗiyan ga da nib ba ki sun iya hwa. Mi kika yi musu?"

Ba da mugunta ya faɗa ba, da tausayi ya faɗa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na ce, "Ina ƙoƙari, Mushe." Na koma gida na kasa cin tuwo. Maganar nan na daɗe ina ɗauke da ita.

Ana nan sai wata ƙungiya mai taimakon makarantu ta zaɓi lakkwal ɗinmu don gwada wani sabon abu. Suka aiko wani saurayi ɗan Yamai mai suna Kamal, da akwati a bayan mota. A cikin akwatin akwai wasu ƴan na'urori kamar telekomand, wato rimot ɗin talabijin, kowace da maɓalli huɗu: A, B, C, D. Yara suka sa musu suna latsau, mu ma muka bi. Akwai kuma tabilet guda, da faifan hasken rana na caji. Kamal ya tara mu ya yi bayani. Kowane yaro da nasa latsau mai lamba, an haɗa lambar da sunansa a cikin tabilet. Mushe zai karanta tambaya da amsoshi huɗu, kowane yaro ya latsa wadda ya zaɓa a ƙarƙashin tebur, ba mai ganin na wani. Nan take tabilet ta nuna: kore ga waɗanda suka samu, ja ga waɗanda suka faɗi. Ya ce amfanin abin shi ne ba sauran leƙen allon maƙwabci, mushe zai ga gaskiyar ajinsa.

Da na ji haka sai zuciyata ta yi wani tsalle mara kyau. Na ce a raina, to, ashe dai leƙe ne, yau za mu gani.

Daraktanmu, Mansur, wanda shi ma a ajin Magagi ya yi aji huɗu yana yaro, ya ce da wa za a fara in ba da Mushe ba. Na lura bai faɗa da ƙarfi ba, kuma bai ɗaga kai ba, amma ban kawo komai a raina ba. Mushe ya ce shi idonsa ba ya ganin ƙananan rubutun gilashi sosai, a ba shi Madam Lailatu ta riƙe masa tabilet, shi ya karanta daga takarda. Haka muka yi aikin haɗawa tare. Muka liƙa lamba a bayan kowane latsau, muka sa batir, muka kira yara ɗaya bayan ɗaya kowa ya latsa a ga sunansa ya fito. Wani ya latsa da haƙori, wata ta ɓoye nata a zani za ta kai wa uwarta ta gani. Mushe yana dariya yana cewa a bi su a hankali.

Sai aka fara. Na zauna a gefe, idona a kan gilashi, shi yana tsaye gaban aji yana karantawa da Faransanci. Tambaya ta farko, kore. Ta biyu, kore. Har aka tashi, ban ga ja ba sai na wani yaro da ya zauna kan nasa latsau. Kashegari haka, bayansa ma haka. Ba leƙe, ba raɗa, hannuwa duk a ƙarƙashin tebur. Na rasa inda zan sa kaina don kunya. Na ce ashe matan rijiya suna da gaskiya, ni ce ban iya ba. Har na fara tunanin in nemi a mayar da ni aji ɗaya, inda ba a gadon yaran kowa.

Kamal ya aika sakamakon Filinge. Sufeto ya yi murna, ya ce taron malamai na wannan zango a lakkwal ɗinmu za a yi shi, Mushe Magagi ya nuna wa kowa yadda ake aiki da latsau, kuma daga nan shi zai riƙa zagayawa yana koya wa sauran makarantu. Mushe ya sa aka wanke masa babbar riga. Matarsa Delu ta ce mini ko abinci ba ya zama ya ci sosai, sai maimaita tambayoyi yake a tsakar gida, awaki suna saurare.

Ranar taro malamai suka zo daga ko'ina, na Damana, na Abala, har da na garinmu Sanam, a kan babura, wasu biyu-biyu. Aka cika bayan aji da benci, wasu suka tsaya a tagogi. Kamal ya kawo majigi ya haska bango, don kowa ya ga abin da tabilet take nunawa. Na ɗauki tabilet zan zauna a wurina, sai Kamal ya ce a'a. Ya ce a sauran makarantu ba wanda zai sami mai riƙe masa, dole malamai su ga mushe yana yin komai da kansa. Ya ƙara girman rubutun, ya nuna masa: hannun hagu ya tallabe, yatsan dama ya riƙa tura tambaya. Mushe ya karɓa da hannu biyu kamar an miƙa masa jinjiri.

Na koma gefe ba abin da nake riƙe da shi. Ranar ce ta farko da na kalli ajin nan da idona yana aiki.

Ya karanta tambaya ta farko, ta lissafi ce mai sauƙi. Ya karanta A, ya karanta B, C, D. Ya ce a latsa. Shiru. Bango fari fat, ba kore ba ja. Yaran duk sun ɗaga kai suna kallonsa, irin kallon nan da na sani, wanda ya hana ni barci shekaru. Kamal ya duba waya, ya ce na'ura lafiya take. Mushe ya sake karantawa a hankali, ya ce, "To, ku latsa mana, ɗiyana." Sai aka fara latsawa ɗaya-ɗaya, kamar ɗigon ruwan da bai yi niyyar sauka ba. Bango ya cika da ja, kore ɗan kaɗan a gefe.

Wani ya yi tari a baya. Sufeto ya ajiye alƙalami. Mushe ya yi murmushi ya ce baƙi ne suka tsorata su. Tambaya ta biyu ta fi ta farko muni. Na ga gumi ya fara tsattsafo masa daga ƙarƙashin hula, yana bin gefen kunne.

Ta uku ita ce bakwai sau takwas. Ya karanta A, arba'in da takwas. Ya fara karanta B, hamsin da huɗu, daidai lokacin gumi ya shiga masa ido. Ya manna tabilet a ƙirji da hannu ɗaya, ya ɗaga ɗayan ya ture hula baya ya share goshi. Bai ma kai C ba. Ƙas, ƙas, ƙas, ajin gaba ɗaya ya latsa, har kana jin ƙarar. Wani dogon jan layi ya miƙe a bango. Yara sittin, kowa ya ce hamsin da huɗu. Suka kuma saki fuska suna murmushi, sun samu abin da suke jira.

Nan na gane. Na tuna makon da na yi kaina sunkuye a kan gilashi, na tuna yadda suke bin ɗankwalina da ido. Duk lokacin da Mushe ya zo kan amsar gaskiya, hannunsa yakan tafi ga hularsa, shi bai sani ba. Yaran ba lissafi suke karantawa ba, hula suke karantawa.

Na juya in ga ko wani ya gane. Baƙin da ba su san shi ba suna kallon juna. Amma cikin malaman akwai da yawa da suka yi aji huɗu a wannan ɗakin, kuma su duka kansu yana ƙasa. Mansur yana kallon takalminsa. Wata madam daga Damana ta ja gyale ta rufe baki. Ba mamaki a fuskarsu ko kaɗan, kunya ce kawai.

Mushe ya dubi bango, ya dubi yaran. Hannunsa yana nan a kan hula bai sauke ba. Sai na ga ya sauke shi a hankali ya kalle shi, kamar hannun wani ne aka liƙa masa. Malami ne, ba ya bukatar a yi masa bayani sau biyu. Don ya tabbatar, ya tura tambaya ta gaba, ya karanta A, amsar da ko ɗan aji biyu ya san ba ita ba ce, ya kai hannu ya taɓa hula da gangan. Ƙas, ƙas, ƙas. Ja.

Ya miƙa wa Kamal tabilet, ya ce wa sufeto a gafarce shi, ya fita. Ba wanda ya yi dariya, kuma na gode wa Allah da haka, don da wani ya yi, da na yi masa rashin mutunci a gaban sufeto.

Shekaru ina jiran ranar da za a san ba laifina ba ne. Na sha tsara yadda zan taka in wuce ta bakin rijiya. Ga ranar ta zo, ni kuwa ji nake kamar ni aka tuɓe a kasuwa. Ko ido ban iya haɗawa da kowa ba.

Aka ƙarasa taron yadda aka iya, baƙi suka hau baburansu. Da la'asar ni da Mansur muka tafi gidansa. Delu ta shimfiɗa mana tabarma a zaure, ta kawo ruwa, ta koma ciki. Mushe ya fito ya zauna. Muka gaisa, aka tambayi gajiya, aka tambayi iyali, har gaisuwa ta ƙare ba sauran abin fakewa.

Ya ce, "Mansur, kai ma?"

Mansur ya ce, "Mushe..."

"Tambaya nika yi. Lokacin da kana ajina, kai ma hula kaka kallo?"

"Awo, Mushe. Ni ma."

"Wa yag gwada maka?"

"Wana, Kailu. Shi ma wani yah hwaɗa mai. Dut wanda za shi shiga aji huɗu, manyanshi na ce mai, in ka shiga ka dubi hula."

Mushe ya dube shi. Can ya ce, "Ka girma, ka zan mushe, ka zan darakta bisa kaina. Kullum muna shan shayi tare. Mi yah hana ka hwaɗa min?"

Mansur ya ce, "Mushe, da wane baki? Ku kunka koya min riƙon alli. In zaka in ce muku mi?" Ya ƙara da cewa, "Mun ɗauka kun sani. Mun ɗauka tausai na kuka yi muna, don kar a buge mu gida."

Ya juya wajen ƙofar cikin gida, ya ɗaga murya kaɗan. "Delu, ke hwa?"

Daga bayan zana ta ce, "Malam, ɗiyanka huɗu sunka bi ta ajin nan. Ina jin su suna gaya ma juna."

Wato gari duka ya sani. Maƙeri ya sani, mai shayi ya sani, matan rijiyar da suke cewa ban iya ba, rabinsu da hular nan suka wuce aji huɗu. Mutum biyu ne kawai ba su sani ba: mai hular, da ni baƙuwa. An bar shi shekara talatin yana tafiya da abin a kansa saboda ana girmama shi. Na so in yi faɗa, na rasa da wa zan yi.

Ya ce, ba da mu yake ba, da tabarma yake, "In na zo ga amsar, sai in ji zuciyata na ce musu, ga ta nan, ku kama, kar ku hwaɗi. Ashe hannuna na jin ta." Ya shafa wurin tabon ta saman hula, ya lura da abin da ya yi, ya sauke hannun da sauri ya danne shi da ɗayan.

Sa'an nan ya dube ni. Na san abin da zai faɗa, na kuma roƙi Allah kar ya faɗa, don ban san inda zan sa fuskata ba in dattijo kamarsa ya ba ni haƙuri. Bai faɗa ba. Cewa ya yi, "Madam, kin sha aiki." Na ce, "Ba komai, Mushe." Ƙarya nake, shi ma ya sani.

Ya yi kwanaki bai zo lakkwal ba. Aka ce zazzaɓi. Ko masallaci sai ya bari an tada salla yake shiga, ya fita kafin a shafa fatiha. Sufeto ya aiko cewa zancen zagaya makarantu a dakata tukuna, kowa ya san abin da tukuna take nufi. Mansur ya ce mini yana jin Mushe zai nemi ritaya, don shekarunsa sun kusa. Na ce in ya tafi haka, hular nan ce kawai za a riƙa tunawa da shi, kuma ba daidai ba ne. Mutumin da bai taɓa dukan yaro ba, wanda in ɗalibi ya yi rashin lafiya yake ɗaukarsa a keke ya kai shi likita.

Ran wata Litinin ina cikin aji sai na ji makaranta ta yi tsit, irin tsit ɗin da ba na lafiya ba. Na leƙa. Mushe Magagi ne yake ratsa fili, hularsa a hannu, kansa a buɗe. Furfura fat, ga tabon nan a fili, dogo, daga tsakiyar kai zuwa gefe. Dattijo kai ba hula a tsakar rana, a ƙasarmu, kusan tsiraici ne. Yara suka sunkuyar da kai. Ni ma na sunkuyar.

Ya aiko a kira ni da tabilet. Na same shi ya buga ƙusa a bango kusa da babban allo, ya rataye hular. Ya ce wa yaran, "Ga ta nan. Wanda ka son kallonta shi kalla." Ya fara karanta tambaya a gaban aji. Yana zuwa kan amsar, hannu ya tashi ya nufi kan da ba hula, ya kama shi a hanya, amma yara sun riga sun gani. Kore. Ya yi tsaki, karo na farko da na taɓa jin tsakinsa. Ya ratsa tsakanin tebura ya koma can bayan aji, ya jingina da bango, inda ba mai ganinsa sai ya waiwaya. Ya ce wanda ya waiwaya shi zai share fili.

Daga can ya karanta. Na ga idanu suna tafiya wajen ƙusa. Hula tana rataye, ba ta motsi. Aka daɗe. Wata yarinya mai suna Muna ta sunkuya ta fara ƙirga da yatsu a ƙarƙashin tebur, na kusa da ita ya ga haka shi ma ya fara. Da aka gama latsawa ya ce, "Madam, kore nawa?"

Na ce, "Tara, Mushe."

"Cikin sittin."

"I."

Ya ce in karanta masa sunayen sauran. Na ce duka? Ya ce duka. Na karanta, yana tsaye yana ji, kowane suna ya kaɗa kai, ƴaƴan mutanen da shi ya koyar. Ban taɓa yin karatu mai nauyin wannan ba. Da na gama ya ce su ajiye latsau, kowa ya fita ya ɗebo tsakuwa cike da hannu.

Haka ya ƙarasa shekarar, a bayan aji, kai a buɗe. In ya tashi ya ɗauki hularsa a ƙusa ya sa ya tafi gida, da safe ya mayar. Ajinsa da ake jin amsa ɗaya kamar a masallaci ya koma hayaniya da ƙarar tsakuwa. Iyaye suka fara ƙorafi wai yara suna dawowa da ja, wai tsufa ya kama Mushe. Ba wanda ya ƙara kawo sabbin malamai su kalle shi. Da ƙungiyar ta tashi neman mai zagaya makarantu, wani saurayi aka ɗauka daga Filinge. Mushe ya ji duk wannan, ya ci gaba da aikinsa a bayan aji. Ni ce dai na tare wata a bakin rijiya na tambaye ta bakwai sau takwas, ta ɗauki tulunta ta wuce.

Da aka koma hutu, ranar farko, ina share tebur sai na ji sallama. Shi ne a ƙofar ajina, yaransa a bayansa sun yi layi. Da can aiko su yake yi, bai taɓa rako su ba. Hannuwansa biyu suna bayansa, ɗaya riƙe da ɗaya.

Ya ce, "Madam, ga su. Bana ba ni ce miki sun iya ba."

Ya fara kiransu suna shiga. Wannan ta iya sau har tara, amma raba yana ba ta wuya. Wannan yana ganewa in an yi da tsakuwa, in an rubuta ya ɓace. Wannan bai iya komai ba tukuna, kunya gare shi, kar a tambaye shi a gaban mutane. Muna ta wuce, ya ce wannan a ba ta mai wuya. Haka har na ƙarshe, ba takarda a hannunsa. Kusan rabi ya ce ba su iya ba, kuma duk wanda ya faɗa sai ya ƙara da cewa, "Laihina na, ba nashi ba."

Da suka zauna duka ya tsaya a bakin ƙofa kamar akwai sauran magana. Ya dubi ajin, ya dube ni.

Ya ce, "Na bara da na bara waccan, da waɗanda sunka wuce tun kahin ki zaka, su ban san inda za ni same su ba."

Ya juya ya koma ajinsa, na ji yana gaya wa sababbin yara kowa ya fita ya ɗebo tsakuwa.